Yatsan da Ba Nata Ba

Hajiya Yalwa ta shekara goma sha ɗaya a Guangzhou kafin maganar man fetur ta same ta. 'Yar Kwarin Ɗinya ce, wani ƙauye da ke can tsakanin Bauchi da Gombe, inda ba a san komai ba sai noman dawa da gyaɗa da kiwon shanu. Aure ne ya kai ta Kano. Mijin ɗan kasuwar Kwari ne, shi ya koya mata ciniki, da ya rasu kuma ta riƙe shagon shekara huɗu, sannan ta fara bin ayarin mata masu zuwa sari China. A zuwa na uku ta lura cewa abin da matan nan suka rasa shi ne wadda za ta zauna ta tsaya musu a kan kaya bayan sun koma gida. Sai ta zauna.

Aikinta ke nan. A aiko mata da hoton wando ko doguwar riga daga Kano, ta shiga kasuwar Shahe ko ta Baima ta nemo, in kuma jins ne ta hau jirgin ƙasa zuwa Xintang ta tsaya a kan masu ɗinki. Ta san zip ɗin da zai ɓalle a wanki na biyu. Ta san dilar da aka cusa wa rejet a tsakiya tun daga yadda aka ɗaure ta. Sinancinta na kasuwa ne, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, amma in ta buɗe baki ta ce wa mai shago "lawban", wato maigida, ta dube shi ta saman tabarau, ya san yau ba ranar wasa ba ce. Mace ce doguwa, mai ƙarancin dariya, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba.

A gida mutum ɗaya ya rage mata, yayanta Shehu. Su biyu mahaifinsu ya bari, ya kuma bar musu gona guda mai faɗi a gefen kwari, da rijiya a bakinta wadda shi da kansa ya haƙa. Ba su taɓa raba gadon ba. Shehu ke nomawa, duk kaka ya sa a kai buhun gyaɗa gidan ƙawarta a Kano, ya ce rabon Yalwa ne, ko da ya san ba za ta ci ba. Duk Juma'a da la'asar ɗinta, lokacin hantsi ne a can, sai ta kira shi. Ya ba ta labarin ruwa da shanu da wanda ya mutu, ita kuma ta ce masa lafiya lau. Ba ta taɓa gaya masa wahalar zaman garin ba, har shekarar annoba da mai gidan da take haya ya fitar da ita ta kwana biyu tana yawo da akwati.

Wata Juma'a ya ɗauki waya muryarsa na rawa don murna.

"Yalwa, mutanenki sun zo."

"Waɗanne mutanena, Yaya?"

"'Yan China mana! Da motoci da wayoyi suna ta shimfiɗawa a ƙasa. An ce mai ne a ƙarƙashin kwarin nan. Sun kafa jan ƙyalle a gonarmu, dab da rijiyar Baba."

Ta ce masa kada ya sa hannu a komai sai ta gani. Ya ce to. Ta maimaita, ya sake cewa to, har da dariya, wai ta mayar da shi yaro.

Wata uku ana haka. Labarin ya riƙa zuwa mata guntu-guntu: an kawo katafila, an tuge ɗorawar da ke bakin gona, an zuba tsakuwa, an kafa wani dogon ƙarfe da ake hangowa tun daga kasuwar ƙauyen gaba. Duk lokacin da ta tambayi takarda sai Shehu ya kawo wata magana. Ranar da abin ya fito fili ba shi ya kira ba, matarsa Radiyya ce.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba da saninsa na kira ba. Sun kewaye gonar da waya. Jiya ya je zai shiga masu gadi suka hana shi. Mutanen gari sun taru sun ce ke ce a China, ke za ki je wurin mai kamfanin ki yi magana."

"Akwai takarda?"

"Akwai. Tana ƙarƙashin katifa."

Ta ɗauki hoton shafi uku ta turo. Rabin kowane shafi Turanci ne, rabi Sinanci. Yalwa tana ɗan tsintar Turanci, amma na lauyoyi ya fi ƙarfinta, don haka washegari ta tafi Xintang wurin Madam Liu, wadda ta shekara takwas tana ɗinka mata jins. Ta same ta a tsakiyar kekunan ɗinki, ƙara ta cika shago, zare shuɗi ya manne wa kowa a gashi. Madam Liu ta ja ta ɗan ofishinta na baya, ta zuba mata shayi, ta karɓi wayar ta yi ta jan hoton da yatsu biyu.

Ta daɗe tana karantawa. Sannan ta yi bayani a hankali, da Sinanci mai sauƙi irin wanda take yi wa Yalwa. Takardar ta ce masu gona sun karɓi diyyar amfanin da ke kanta, dawa da gyaɗa da itatuwa. Ta ce sun yarda kamfani ya yi aiki a wurin muddin izininsa na gwamnati yana nan. Ta ce ba za su sake neman komai ba, ko su ko magadansu.

"To man fa?" in ji Yalwa. "In sun samu man, mene ne rabonmu?"

"Meyo," in ji Madam Liu. Babu. "Ba a ma ambace shi ba. Mama, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ai na gwamnati ne. Mu ma nan haka yake. Ku a ƙasarku ba haka ba ne?"

Yalwa ba ta sani ba. Shekara hamsin da biyu a duniya, ba ta taɓa tunanin cewa gona tana da sama da ƙasa ba, balle a ce kowanne da mai shi.

Madam Liu ta nuna mata saman shafin farko. Kamfanin da ke haƙar, in ji ta, ɗan kwangila ne, kuma ga adireshin babban ofishinsu an rubuta, a nan cikin Guangzhou yake, can gabas wajen tashar jiragen ruwa. Ta rubuta mata shi a bayan wani rasit. Shafi na uku kuwa hoton bai fito sosai ba, inuwar hannun Radiyya ta rufe ƙasansa, sai Madam Liu ta ce wurin sa hannu ne kawai.

Sau uku Yalwa tana zuwa ofishin. Zuwan farko mai gadi ya ce babu wanda zai gan ta. Na biyu wata yarinya a teburin karɓar baƙi ta ce wanda ya san aikin Afirka ya yi tafiya. Na uku ta sa baƙar abayarta mafi kyau, ta zo tun ƙarfe tara, ta zauna a kujerar da ke fuskantar lif, ta ce ba inda za ta. Mutane suna wucewa suna satar kallonta. Ta yi sallar azahar a lungun matattakala a kan kwalin da ta roƙa wurin mai shara. Wajen ƙarfe uku aka shigar da ita.

Wani mutum ne mai furfura a gefen kai, ya ce sunansa Mista Fang. Ya yi aiki a Najeriya shekara shida, har ya gaishe ta da "sannu". Bai yi mata wulaƙanci ba, abin da ya fi damunta daga baya ke nan. Ya saurare ta har ta gama, Sinanci da Turanci duk ta haɗa. Ta ce gonar ubansu ce. Ta ce yayanta bai iya karatu ba, ba wanda ya karanta masa. Ta ce ita ma tana da rabo a gonar, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Ya buga wani abu a kwamfuta, ya jira, injin ya fitar da takarda. Ya ajiye mata shafi na uku a gabanta, wannan karon fes. A ƙasa akwai sunaye biyu. Shehu, da tambarin babban yatsa. Yalwa, da tambarin babban yatsa.

"Ke ce Yalwa?"

"Ni ce."

"To ga sa hannunki."

"Ban taka Najeriya ba shekara uku. Ga fasfo ɗina, duba."

Bai karɓi fasfon ba. Ya haɗa hannuwansa a kan tebur ya ce, in dai wannan ba yatsanta ba ne, to wani ya dangwala da sunanta, kuma wannan laifi ne babba. Ya ce shi a shirye yake ya rubuta wa ofishinsu na can yau ɗin nan, su kai maganar wurin 'yan sanda, a nemo wanda ya yi. A ranar dai, bisa ga rahoton da ke gabansa, mutum ɗaya ne ya zo daga gidansu.

"Kina so in rubuta?"

Ta dubi tambarin biyu. Ɗaya ya karkata dama, ɗaya hagu. Na biyun yana da wani farin layi a tsakiya, inda tawada ba ta kama ba. Ta san layin nan. Lauje ne ya yanke Shehu a yatsan hagu suna yara, ita ce ma ta ɗaure masa da gefen zaninta.

"Kada ka rubuta," ta ce.

Ya raka ta har bakin lif. Ya ce mata ya yi baƙin ciki, amma su 'yan kwangila ne, an ba su wuri an ce su haƙa. Ta ce "shiyeshiye" don bakinta ya saba, sai da ƙofar ta rufe ta ji haushin godiyar.

A bakin titi ta kira Shehu, ba ta jira Juma'a ba.

"Yaya, da wane yatsa ka dangwala nawa?"

Shehu ya ce wakilin kamfanin ne, wani ɗan birni mai jakar hannu, ya zo da dagaci. Wakilin ya ce duk gonar da magadanta ba su cika a ranar ba, za a tsallake ta a biyan diyya, amma aikin sai an yi. Kowa yana dangwalawa. Shehu ya ce ya ga in bai yi ba an yi biyu babu, gonar ta tafi, hannu kuma wayam. Ya ce rabonta yana nan bai taɓa ba, ya ƙulle a leda.

"Na ce maka kada ka sa hannu. Sau biyu na faɗa."

"Kin faɗa."

"Ka sa naka, ka kuma sa nawa. Yau na tsaya gaban mutum da gaskiyata, ka sa na fito kamar ɓarauniya."

"Ki yafe mini, Yalwa."

Ta kashe wayar. Juma'ar da ta biyo ba ta kira ba, haka ta gaba. Ya kira sau biyu ta ƙi ɗauka. Ta nutsa cikin aiki, lokacin kayan sallah ne, tana fita da safe ba ta dawowa sai magariba, ƙafafunta a kumbure. Matan Kano da ke zuwa suna cewa Hajiya ta ƙara zafi. Wata ta tambaye ta ko gaskiya ne an samu mai a gonarsu, wai ashe ta kusa daina wahalar dila. Yalwa ta dube ta har matar ta sunkuyar da kai.

Wata huɗu ba ta ji muryarsa ba. A cikin watannin nan damina ta sauka a Kwarin Ɗinya da ƙarfi. Masu haƙar sun tona wani babban rami a gefen injinsu inda suke zuba laka da baƙin ruwan da ke fitowa daga rijiyar man. Ruwan sama na kwana biyu ya cika shi ya tumbatsa, ya gangara kwari. Wayar da suka kewaye gonar da ita ta bar rijiyar Baba a waje da taku kaɗan, kuma daga nan gidan Shehu da maƙwabta huɗu suke sha. Ruwan ya fara wari kamar na kananzir. Aka yi ta yasa, warin ya ragu, aka ci gaba da sha, don rijiyar gari tana da nisa. Shanun Shehu biyu suka mutu a mako guda. Yara suka yi ta gudawa suka warke. Shi kuwa, da yake shi ne ya shiga rijiyar ya yashe ta har sau uku, sai ƙafafunsa suka fara hawa, fuska ta biyo.

Duk wannan Radiyya ce ta faɗa mata a waya ɗaya, daga barandar asibiti a Gombe. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Da aka tambaye shi ko ruwan ne, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, akwai masu irin ciwon da ba su taɓa ganin rijiyar mai ba.

"Ba shi wayar," in ji Yalwa. Tana tsaye ne a tsakiyar Shahe, masu turin kaya suna yi mata ihu ta kauce.

Muryar da ta ji ba ta san ta ba. Ta shaƙe, ta yi ƙanƙanta.

"Yalwa, kin huce?"

"Yaya, bar wannan maganar. Ni ce da laifi."

"A'a. Yatsan dai nawa ne." Ya yi ɗan tari. "Kin san sun tafi? Sun ce man bai kai abin da suke nema ba. Sun toshe ramin da siminti sun kwashe ƙarafansu."

"To gonar fa?"

"Tana nan a kewaye. Wai izininsu bai ƙare ba, ko za su dawo."

Daga ranar kullum sai ta kira. Ta tsaya a kan wankin ƙodar, sau biyu a mako, ta sayar da 'yan gwala-gwalan da ta tara don tsufa. Ta koma ofishin Mista Fang da hotunan ramin da na matattun shanun. Wannan karon ba a bar ta ta hau sama ba. Bayan mako biyu aka aiko mata da amsa a waya, layi huɗu: aikin ya ƙare, an miƙa wurin, duk wani ƙorafi a kai shi can Najeriya. Ta sa wani lauya a Bauchi ya duba. Ya ce ana iya shigar da ƙara a kan ruwan, amma sai an gwada shi a lokacin da abin ya faru, yanzu an yi ruwa sama da goma a kai. Kuma abu na farko da lauyoyin kamfani za su ɗaga shi ne takardar nan mai yatsa biyu.

Ta so ta tafi gida, fasfo ɗinta kuwa yana ofishin sabunta biza, an ce sai bayan kwana goma sha biyar. A kwana na tara Shehu ya rasu, da safiyar Talata. Kafin ta gama fahimtar abin da Radiyya ke faɗa cikin kuka, har an fara haɗa itacen kabari. Tana Xintang a lokacin, tana duba ɗinki. Ta zauna a kan wata dila, wando a hannunta. Madam Liu ta kashe kekunan layin da ke kusa, ta kawo mata ruwan zafi a kofi, ta tsaya a gefenta.

Sai bayan sadakar arba'in ta isa Kwarin Ɗinya. Ta je gonar ita kaɗai. An sace rabin wayar, ta shiga ta inda aka yanke. Inda dawa ke fin mutum tsayi, yanzu fili ne na tsakuwa da aka danne da katafila, ya yi tauri kamar titi. A tsakiya ga dandamalin siminti da wani guntun bututu mai murfi. Ta ɗauki wani ƙarfe ta caki ƙasar, bai shiga ba. Rijiyar kuwa mutanen gari sun rufe bakinta da ƙaya da duwatsu saboda yara.

Da yamma dattawa suka zo gaisuwa. Bayan addu'a wani ya gyara murya ya ce, to Hajiya, yaya aka ƙare da mai kamfanin? Sun ji an ce ta gan shi ido da ido. Ta ce ta gan shi. Suka jira. Ta ce babu abin da za a samu, kowa ya nemi wata gonar. Ba su ji daɗi ba. Daga baya ta ji ana cewa ai an sallame ta a can ne, shi ya sa ta yi shiru. Ba ta kare kanta ba, don in za ta yi bayani sai ta ambaci yatsan mamaci.

Radiyya ta kawo mata ledar da Shehu ya ƙulle. Ko a lokacin jinya bai bari an taɓa ba, ya ce ba nasa ba ne. Yalwa ba ta kwance ta ba, ta mayar mata. Ta kwashe ta da yara biyar ta kai su Kano, ta kama musu gida a Kurna, ta sa manyan a makaranta. Radiyya ba ta son birni, har yanzu tana cewa in an buɗe gonar za ta koma.

Yalwa ta dawo Guangzhou bayan wata biyu. Da niyyarta ta yi shekara biyu ta tattara ta koma gida gaba ɗaya, yanzu da baki shida a wuyanta ba ta ƙara sa rana ba. Gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, matattakalar Baima sai ta huta sau biyu. Hawan jini ya kama ta, tana shan magani.

Bara wata mata 'yar wajen Alkaleri da ke zuwa sari ta same ta a sito, ta ja ta gefe, ta nuna mata hoton wata takarda a waya. An zo ƙauyen mijinta da irin motocin nan, an ba su mako guda. Yalwa ta ajiye abin da take yi, ta kai ta Xintang a ranar, Madam Liu ta karanta musu layi-layi. Yalwa ta ce su nemi lauya kafin kowa ya taɓa tawada, su ɗebi ruwan rijiyoyinsu yanzu a kai a gwada a ajiye sakamakon, su kuma tambayi inda za a tona ramin laka. Matar ta rubuta duka a bayan hannunta da biro, ta kira gida nan take.

Bayan sati uku ta aiko da saƙon murya. An gwada ruwan, in ji ta, an kuma ajiye takardar sakamakon wurin liman. Amma mazan duk sun dangwala, ranar Alhamis, gaban dagaci. Yalwa ta saurari saƙon a bakin kwantena ana lodi, ta mayar da wayar cikin jaka, ta ce wa mai lodin ya sauke dilar da ya ɗora a karkace.